Malami Baƙo da Yaran Lakwal a Ranar Salla: Rahoto Daga Zangon Damagaram

Ranar 25 ga watan Disamba na shekarar 1852, watau ranar da Nasara ke bikin tunawa da haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka fi sani da Abdulkarim, ya iso birnin Damagaram bayan ya share wata guda a kan hanya daga Kukawa ta Barno. Ranar kuwa, duk da girmanta a ƙasarsu, a nan ba ta bambanta da jiya ko shekaranjiya ba, saboda haka in ma ya yi wata salla, to, a zuci ya yi ta. A cikin masu yi masa hidima akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, ɗan Dambanas ta wajen Kance, wanda aka kama yana ƙarami aka sayar har Barno, kafin abokin tafiyar Barth, Overweg, ya 'yanta shi. Shekarunsa a lokacin ba su wuce na yaran da ke shiga ajin farko na kolej a yau ba. Wannan yaro shi ne ya bi ubangidansa har Ingila a 1855, ya koyi Ingilishi, ya zauna da limamin Kirista Schön yana faɗa masa labarai da Hausa yana rubutawa, labaran da suka fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. A ƙarshen rayuwarsa kuma ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912.

Ashe ke nan musayar harshe tsakanin yaron Damagaram da baƙon da ya zo daga nesa ba jiya ta soma ba, kuma tun daga farkonta koyarwar ba ta taɓa zama ta gefe ɗaya ba. Abin da nake so in tsaya a kansa shi ne yadda wannan mu'amala take kasancewa a ranar salla, domin a ganina amanar da ke tsakanin malami baƙo da yaran da yake koya wa harshensa ba a cikin aji take ƙulluwa ba, a ranar idi take ƙulluwa ko ta kwance, tun da ita ce ranar da al'amari ke juyewa, mai riƙe da alli ya koma jahili wanda bai san inda zai sa ƙafa ba, 'yan yaran da jiya yake gyara wa lafazi su zama su ne malumansa.

Wanda bai san garin ba ya kamata ya san cewa Damagaram tun asali gari biyu ce a haɗe. Akwai Birni, inda fadar Sarki take a tsakanin manyan duwatsu, wanda Sarki Tanimun, mai ƙera bindigogin igwa, da ya rasu a 1884, ya kewaye da ganuwa. Sa'an nan akwai Zango a arewa da shi, masaukin ayari, inda Buzaye da raƙumansu, da fataken Kano, da Larabawan da suka keto hamada daga Tarabulus, suke sauke kaya, inda kuma attajirai irin su Malam Yaro suka gina gidaje masu zane a fuska waɗanda har yau ake zuwa kallo. Unguwa ce da aka kafa domin baƙi, mutanenta kuwa sun gaji sanin haƙƙin baƙo kamar yadda suka gaji ciniki. Bayan kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898, Faransawa suka ci garin a 1899, suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, wanda babbar makarantar lise ta garin ke ɗauke da sunansa yanzu, suka mai da Damagaram helkwatar mulkinsu daga 1911 har 1926, sa'ad da suka ƙaura zuwa Yamai. Su suka kawo lakwal, watau makarantar boko, da Faransanci. Amma iyakar da suka shata da Turawan Ingila ba ta nisanta Kano ba: tsakanin Damagaram da Kano wajen kilomita 240 ne ta hanyar Matamaye da Daura, alhali kuwa Yamai tana can wajen kilomita 900. Ɗan kasuwar da ke sayo haja a Kano, da ɗalibin da ke burin karatu a Kano ko Zariya, da mai karanta takardar da ke cikin kwalin maganin da ya tsallako iyaka, duk suna da bukatar harshen maƙwabta. Shi ya sa tun daga shekarar farko ta kolej ake fara koya wa yara Ingilishi, su kuma yi jarrabawa a kansa a ƙarshen shekara ta huɗu.

Sa'ad da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, masu iya koyar da wannan harshe kaɗan ne ƙwarai. A 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa ƙungiyar masu aikin sa kai ta Peace Corps, a 1962 kuwa, zamanin Shugaba Diori Hamani, rukunin farko na mutum 7 suka iso Nijar, aikinsu koyar da Ingilishi. Daga nan aka yi ta zuwa rukuni bayan rukuni, kowane da wa'adin shekara 2, har adadin waɗanda suka yi aiki a ƙasar ya haura 3,000, wasu a makarantu, wasu a fannin lafiya da noma da gandun daji. A shekarun ƙarshe na aikin, a Hamdallaye, kusa da Yamai, aka riƙa fara horar da su, a koya musu Hausa ko Zabarmanci, a raɗa musu sunaye irin namu, sa'an nan a rarraba su garuruwa, jihar Damagaram kuwa tana cikin manyan wuraren da aka riƙa tura su. Ban da su akwai malamai daga Gana da Nijeriya da suka riƙe azuzuwan Ingilishi shekara da shekaru, waɗanda ba a cika ambaton su ba, ko da yake wahalar da suka sha ba ta gaza ta kowa ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan baƙi, ko ya so ko bai so ba, salla za ta riske shi a bakin aiki, domin shekarar lakwal tana farawa ne a Oktoba ta ƙare a Yuni, shekarar Hijira kuwa tana gaza ta Nasara da wajen kwana 11, saboda haka watan azumi da watan layya suna ta jan baya suna ratsa lokacin karatu, sai bayan shekara 33 su koma inda suka taso. Wani malamin ya tarar da azumi a cikin hunturu, wani ya tarar da shi a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, ga kuma ƙarancin ruwan da garin ya daɗe yana fama da shi. A nan ne jarrabawarsa ta farko take. Yaran ajin farko na kolej su ne masu shekarun fara gwada azumi da gaske, suna alfahari da shi, suna ƙidaya wa juna nawa kowa ya kai. Malamin da ya ɗaga gorar ruwa ya kwankwaɗa a gabansu da tsakar rana bai karya wata doka ta makaranta ba, babu kuma wanda zai ce masa uffan, amma ya rasa wani abu a idonsu wanda zai daɗe bai mai da shi ba. Wanda kuwa ya ɓoye cinsa da shansa, ya rage tsawon darasi bayan azahar, ya koyi cewa barka da shan ruwa, kafin goman ƙarshe zai ga ƙananan yara suna sallama a ƙofar gidansa da almuru, ɗauke da kwanon kunu da ƙosai, wai in ji Inna a kawo wa Mushe, sunan da yaran lakwal ke kiran malami da shi.

Daga daren goma ga watan azumi sai tashe ya fara, yaran da ya saba gani a jere kan benci suna rarraba ido su bayyana a ƙofarsa da gemun auduga da tsumma, suna kaɗa gwangwani, suna kwaikwayon tsoho da malami da mai rowa, sai an ba su hatsi ko 'yan kuɗi su yi gaba. Ba'amurke yakan tuna da wani biki nasu na daren ƙarshe na Oktoba, wanda yara ke ɓad da kama su bi gida gida ana ba su alewa, kuma kamar tana nan. Sai dai tashe yana da haƙori, domin wa'azi ne da ba'a a haɗe, kuma garin da ya shahara da wasan kara, inda ake kwaikwayon sarakuna da manyan gwamnati da kayan da aka harhaɗa da karan hatsi, ba garin da za a ƙyale tafiyar malami baƙo da yadda yake lanƙwasa Hausa ba ne. In ya ga an kwaikwaye shi ya yi dariya, ya tsira.

Amma Babbar Salla ita ce gagarumar rana, kuma a kanta ya kamata a daɗe. Tun ana saura mako tumaki ke cika bakin Kasuwar Dole da lungunan Zango, madinka ba sa barci, 'yan mata na ƙunshi da kitso, mata na tuƙa alkaki da nakiya, hankalin yara kuwa ya riga ya bar allo, ko da jikinsu na cikin aji. Mahauta suna nasu shagalin na hawan ƙaho, inda saurayi ke tarar bijimi ya rungumi ƙahoninsa ana kiɗa ana kirari. Da safiyar idi Sarkin Damagaram ya fito daga fada bisa doki, dogarai da jajayen kayansu a kewaye da shi, kakaki da algaita da tambura suna tashi, har filin idi; malami baƙo wanda ba Musulmi ba yana tsayawa daga gefe, kuma kusan kullum wani ɗalibinsa ne zai kama hannun rigarsa ya nuna masa inda ya dace ya tsaya, ya hana shi gittawa gaban sahu, ya gaya masa lokacin da ɗaukar hoto ba laifi da lokacin da zai zama rashin ladabi. Bayan liman ya yanka nasa, kowa ya koma gida ya yanka. Al'adar Nijar a nan ta sha bamban da ta wasu garuruwan Hausa na kudu: ana feɗe ragon ne a buɗe shi ɗungum, a tsire shi a kan itatuwa biyu da aka gicciya, a jera raguna kewaye da wuta babba a ƙofar gida ko bakin titi, su yini suna gasuwa a hankali, maza na juya su suna hira, ranar farko kayan ciki ake soyawa a ci, sai washegari a sassare naman a shiga rabo, yara su ne 'yan aike, kowane da kwano a ka.

To, a nan akwai mas'alar da almajiran fiƙihu suka sani, wadda bai kamata a tsallake ta ba don kunya. Layya sunna ce mai ƙarfi a mazhabar Imamu Malik, kuma a Muhtasar na Shaihu Halil an lissafa ciyar da wanda ba Musulmi ba daga namanta a cikin makaruhai, sa'an nan aka kawo taraddudin malamai: shin karhancin ya tsaya ne ga aika masa da naman gidansa, ko ya haɗa har da wanda ke cikin iyalin mai layya yana ci tare da su? Mutanen gari, waɗanda suka haɗa karatun littafi da gadon saukar baƙi, da yawansu sun bi mafita mai sauƙi, watau su kira baƙon ya zo gida ya zauna a tabarma ya sa hannu a akushi ɗaya da mai gida. Wasu kuma ba su tsananta ba, su aika masa da cinya sukutum. Ko ta wace hanya aka bi, sakamakon ɗaya ne: malamin da ke zaune shi kaɗai, ba mata ba 'ya'ya, wanda a idon iyayen yara abin tausayi ne komai yawan albashinsa, yakan wayi gari da gayyata fiye da yadda cikinsa zai ɗauka.

Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya je. Ya sa riga ta mutunci, in ya sami shadda ko da mai araha ce ya ɗinka, ya bi ɗalibinsa lungu lungu, ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya rusuna ya gai da mahaifin yaron, ya ce, "Baba, barka da salla," a amsa masa, "Barka kadai, Malam, Allah ya maimaita mana," ya jira a yi masa iso kafin ya leƙa cikin gida, in ma an yi masa; malama mace kuwa ita ce mai sa'a, domin har ɗakin uwar gida za a kai ta, a kama hannunta a sa mata lalle. A zaure zai ga abin da rajistar makaranta ba ta faɗa masa ba. Zai gane cewa yaron da ke gyangyaɗi a darasin farko tun asuba yake makarantar allo, ya kusa sauka. Cewa yarinyar da ba ta kawo aikin gida ba ita ce mai ɗebo ruwan gidan duka. Cewa wanda ya fi kowa shiru a aji shi ne ke riƙe wa ubansa lissafin shago da sefa da naira a ka, ba takarda. Uban kuma zai ga wanda ya damƙa wa ɗansa, ya auna shi da idon ɗan kasuwa, ya yanke hukunci ko mutumin kirki ne. Sau da yawa ci gaban karatun yarinya bayan ta fara girma yana rataye ne ga irin wannan hukunci da aka yanke a zaure, ba ga wata takardar da hukuma ta aiko ba.

Sai kuma goron salla. Yara za su zo masa ƙungiya ƙungiya cikin sababbin kaya, waɗanda yake koyarwa da ƙannensu da waɗanda bai taɓa gani ba, suna cewa, "Mushe, barka da salla," ma'anar gaisuwar kuwa ba ta ɓuya. Mai hankali tun kafin ranar yake canjin kuɗi ya tara 'yan dala biyar biyar da dala goma goma, ko ya sayi ledar alewa, domin wanda ya fara da takardar jaka guda ga rukunin farko labarinsa zai kai Birni da Sabon Gari kafin la'asar. Na san akwai masu ganin bai dace malami ya ba ɗalibinsa kuɗi ba. A ƙasarsu wataƙila haka ne, amma a nan ƙin bayarwar shi ne abin zargi, domin ba cin hanci ba ne, shaida ce cewa an lissafa shi cikin manyan unguwa.

Idan aka koma lakwal kuwa, malamin da ya san aikinsa ya sami jarin darasi na wata guda. Babu abin da ke buɗe bakin yaro a baƙon harshe kamar a tambaye shi abin da ya fi malaminsa sani. Sigar aikatau ta abin da ya wuce, wadda yara ke ƙyama saboda kalmominta marasa bin ƙa'ida, tana sauƙaƙa in aka ce kowa ya ba da labarin abin da ya yi tun daga asubar idi; ƙidaya tana shiga ta kuɗin rago, launuka ta kayan salla, sunayen dangi ta jerin waɗanda aka je gaisarwa, kuma a nan yaran kan yi mamakin talaucin harshen da ke kiran ƙanin uba da ƙanin uwa da suna ɗaya. Littattafan da aka rubuto daga nesa suna maganar dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa. Rago a bakin wuta ya fi su kusa.

Saura bikin malamin kansa, wanda ya fi wuyar sha'ani. Ba'amurke yana kewar bikin godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, Bagane ko mutumin kudancin Nijeriya yana kewar Kirsimeti, kuma ɗabi'ar ɗan Adam ce ya so ya raba farin cikinsa da waɗanda yake gani kullum. A watan Disamba na 2006 ma abubuwan sun taru wuri ɗaya: Damagaram ta karɓi baƙuncin bikin Jamhuriya na 18 ga wata, wanda aka fara zagayawa da shi jiha jiha a shekarar, Kirsimeti ta biyo, Babbar Salla kuma ta faɗo a ƙarshen watan. Ni dai ra'ayina shi ne akwai bambanci bayyananne tsakanin ba da labari da sa yaro ibada. Malami ya gaya wa yara yadda mutanensu ke taruwa, me suke ci, wa suke ziyarta, ya nuna hoton mahaifiyarsa a bakin tukunya, ya kawo gyaɗa da biskit a ci a ranar rufe makaranta, wannan ilmi ne, kuma yara suna sonsa, don suna so su tabbata shi ma ɗan mutane ne mai uwa da uba. Amma ya koya musu waƙar coci da sunan koyon lafazi, ko ya sa su yi wasan da iyayensu za su ji a bakinsu da dare su yi salati, wannan cin amana ne ko da bai nufa ba, kuma abin da zai rushe ya fi abin da zai gina. Ladabin abin shi ne ya shawarci direkta da malaman gari tukuna, kuma ya kasance ya riga ya ci tasu sallar kafin ya kawo tasa. Wanda ke ganin wannan tsoro ne ya yi yawa, ya tuna da Juma'ar 16 ga Janairu na 2015, ranar da fushi a kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya jawo aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa da Nijar a garin, aka yi asarar rayuka. Waɗanda suka ji a jikinsu maƙwabta ne da ba su zana kome ba.

Kafin wannan ma zamanin 'yan sa kai na Amurka ya riga ya wuce, domin a watan Janairu na 2011, bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai, an dakatar da aikin Peace Corps aka kwashe mutanenta daga ƙasar. Bukatar harshen kuwa sai ƙaruwa ta yi: kundin da hukumomin soja suka zartar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Yawancin masu koyar da shi yanzu 'yan ƙasa ne, wasunsu ma almajiran waɗancan baƙi ne, ba su bukatar wani yaro ya nuna musu hanyar filin idi. Baƙon da ya rage shi ne wanda ya tsallako daga Kano ko Daura ko Katsina yana koyarwa a makarantu masu zaman kansu, Bahaushe Musulmi, wanda damuwarsa ba ta fiƙihun nama ba ce, ta ganin wata ce. Domin kowace ƙasa da majalisarta ta duban jinjiri, kuma akan sami shekarar da Nijar ta riga Nijeriya da kwana ɗaya, kamar Ƙaramar Sallar 2022, wadda aka yi ranar Lahadi 1 ga Mayu a Nijar, Litinin 2 ga wata a Nijeriya. A irin wannan shekara malamin yakan bi liman a Damagaram, ya sallami yaransa da goron salla, da la'asar ya nemi motar Daura, ya isa gida ya tarar da iyalinsa ba su daɗe da buɗe baki ba, ana ta gugar kayan gobe.